Goyon Jimrau

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Jimrau, ita ma gajera, tun shekarar da ruwa ya zubar da kanta ba wanda ya ɗaga ta. Saboda haka abin da zan ba ku ba a bakin famfo na tsince shi ba. Rabinsa da idona na gani, sauran kuma matarsa Dela ta faɗa mini muna sussuka.

Jimrau mutumin wajen Korahane ne. Ubansa makiyayi ne, fari ya share masa garke, ya shigo Dakoro da iyali da jaki ɗaya, ya zauna har ya mutu bai sake mallakar ko maraƙi ba. Jimrau bai yi lakwal ba, wato boko, allo ma bai daɗe a kansa ba. Abin da ya gada igiya ce da sanin halin sa. Tun gemu bai fito masa ba ya shiga kasuwar bisashe cikin masu kamun shanu, mutanen da in an gama ciniki su ne za su kama sa, su kayar da shi in ya yi gardama, su hau da shi kamyo, wato babbar mota, mai zuwa kudu. Mai kallo daga nesa zai ce aikin hannu ne, amma aikin ƙafa ne. Ka jefa igiya ta kama ƙafar baya, ka kafe dunduniya cikin rairayi, sa ya fizga da dukan ƙarfinsa, kai kuwa ka ƙi tafiya. Ni fura nake sayarwa a bakin kasuwar nan tun ina da ƙuruciya, na ga maza masu ƙirji kamar ƙofa sa ya ja su a ƙasa, amma ban taɓa ganin ya ja Jimrau ba.

Gajere ne, baƙi, ƙafafunsa masu kauri. Magana tsada take yi masa, in ka gaishe shi sai ya amsa da ka. Abu ɗaya yake wa ado a duniya, igiyarsa ta fata wadda ya tufka da hannunsa. Ranar jajiberin kasuwa zai zauna a ƙofar gida yana shafa mata man shanu yana murzawa. Dela takan ce da ita ce ake shafa wa man nan haka, da tuni ta fi amarya sheƙi.

Akwai kuma Ɗangoggo. Ɗan ƙanwar uban Jimrau ne, wato taubashinsa, sunan yankansa ma an manta. Tare suke aiki, amma shi mai riƙon wutsiya ne, sai Jimrau ya ɗaure ƙafa sannan ya matso. Abin da Allah ya hana shi a ƙafa ya ba shi a baki. In Ɗangoggo ya zauna wuri, dariya ba ta yankewa, dillalai har shayi suke saya masa don ya tsaya. Kun kuwa san dokar taubasai a wurinmu. Ya zage ka a gaban surukanka, ya cire maka hula a kasuwa, ya kira ka bawansa, kai dariya za ka yi ka rama in kana iyawa. Wanda ya yi fushi shi ne ɗan banza, shi ya ɓata zumunci. Jimrau bai iya ramawa ba, sai dai ya yi murmushi ya ce, “Allah shi shirye ka.”

Ciwon ya fara ne wata ranar kasuwa bayan girbi. Wani farin sa ya fizge shi a karkace, ya ji kamar an ɗora masa garwashi a agara, jijiyar nan mai kauri da ta sauko daga sha-raɓa zuwa dunduniya. Bai saki igiya ba, ya gama aikin ranar. Washegari bayan ƙafar hagu ya kumbura, takun farko na safe sai ya dafa bango. Mai ɗori ya tattaɓa ya ce ƙashi lafiya. Aka yi gashi da ruwan zafi, aka yi ƙaho, ba abin da ya sauya. Da Dela ta ga mijinta ya fara sallah a zaune, ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Lokotoron da suka samu, Harouna, yaro ne a shekaru amma mai natsuwa. Ya kwantar da shi rub da ciki, ya matse sha-raɓa, ƙafa ta ɗan motsa. Ya ce alama agara ba ta tsinke duka ba, amma dole ya ga cikinta. Hoton ƙashi ba zai nuna ba, sai eko, mai nuna abin da ke cikin tsoka. To, a lokacin na’urar eko ɗaya ce mai aiki, kuma tana ɗakin da ake duba masu ciki.

Ranar ina wurin, na raka ɗiyata Kausar awo. Benci cike da mata, kowace da cikinta a gaba, ana hirar kumburin ƙafa da kwaɗayin ƙasa. Sai ga Jimrau da sanda, ya naɗe fuska da rawani kamar Buzu, Dela na biye da shi. Ya nemi ƙarshen benci ya ɗosana. Aka fara guna-guni cikin mayafi. Na daka musu harara, amma harara ba ta rufe bakin mata ashirin. A tsakiyar bencin nan kuwa akwai Munira, matar Ɗangoggo, da cikinta wata bakwai da bakinta wanda ya kusa kamo na mijin.

Abin da ya faru a cikin ɗaki Dela ta ba ni. Lokotoro ya shafa masa wani mai mai sanyi a bayan ƙafa, ya ɗora kan na’urar, ya juyo da gilashin don ya gani. Ƙafar lafiya ya fara dubawa. Fararen zare ne kwance kusa da juna, a miƙe sumul. Ya koma ta hagu. Nan zaren ya kumbura, ya hargitse, kuma a tsakiya akwai wani baƙin tabo inda farin ya ɓace.

Jimrau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Igiya ta. Ta hwara cin kanta.”

“Ka gane ke nan,” in ji Harouna. “Amma wagga igiya tana ɗinke kanta in an ja ta da awo. In ka kwanta, ta ɗinke a murɗe, ba ƙarhi. In ka koma kasuwa yanzu, ta tsinke. Tsakiya za mu bi.”

Ya sa masa wani tudu a cikin takalmi don dunduniya ta ɗaga, ya ce a huta tukuna. Bayan nan ya koya masa motsa jikin daki-daki. Da farko a zaune, yana ɗaga dunduniya yana saukewa. In wannan ya zauna, sai a tsaye da ƙafa biyu. In wannan ma ya zauna, ya hau dokin ƙofa, yatsu a sama dunduniya a iska, ya ɗaga da ƙafa biyu, ya sauko sannu a hankali da mai ciwon ita kaɗai. Kullum, safe da yamma. Sannan ya faɗa masa maganar da Dela ta riƙe kamar karatu.

“Ciwo za ya bar ka tun agara ba ta yi ƙwari ba. Nan mutane ka cutar kansu. Ba ƙahwarka za ta ce maka ka koma aiki ba, gilashin ga za ya ce. Ka riƙa dawowa muna dubawa.”

Ko da suka iso gida, labari ya riga su. Bayan la’asar Ɗangoggo ya yi sallama da muryar mata, ya durƙusa a gaban Jimrau yana shafa masa ciki.

“Bawana, ashe abin arziki ya samu ba ka hwaɗa mamu ba? Wata nawa na? Mi anka gani, namiji ko mace?”

Maƙwabta da suka zo dubiya suka kwashe da dariya. Jimrau ya yi murmushin nan nasa ya ce, “Allah shi shirye ka.” Ni kam ban ga abin dariya ba, amma na ce wasan kwana biyu ne zai wuce.

Jimrau kuwa ya riƙe aikin da gaske. Mutum ne da in ya yarda da abu, ya yarda. Da safe ina dama fura, sai in ga kansa ya fito bisa katanga, ya tsaya, ya nutse a hankali, ya sake fitowa. Ya kama gefen ƙofa da hannu biyu, gumi na tsiyaya, yana cije leɓe. Watarana ya ce da Dela saukowar nan ta fi riƙe sa wuya, don sa kana jin haushinsa, wannan kuwa ba wanda za ka ji haushi. Har awakina sun saba, in kan ya fito sai su ɗaga nasu.

Ya koma eko karo na biyu, ya sake zama a ƙarshen bencin nan, ya shanye guna-gunin. Wannan karon baƙin tabon ya ragu, fararen zaren sun fara miƙewa a gefensa. Dela ta ce ba ta taɓa ganin haƙoransa duka a waje ba sai ranar. Harouna ya ce saura mataki ɗaya, a ƙara nauyi a baya, kaɗan-kaɗan, har agara ta saba da irin jan da sa zai yi mata. Ya ce a sa hatsi ko rairayi a jakar baya irin ta ’yan lakwal. In an yi wannan an sake dubawa, kafin damina zai iya komawa ga igiyarsa.

Gidan Jimrau babu jakar ’yan lakwal. Dela ta auna gero ta ƙulle a ƙaramin buhu, ta ɗora masa a baya ya riƙe da hannu, ya zame. Ta ɗaure da igiya, ta ci masa kafaɗa. Mace kuwa hanya ɗaya ta sani ta ɗaukar nauyi a baya hannuwa a sake. Ta ɗauko zane ta goya masa buhun, ta ɗaure da majanyi a ƙirji. Buhu ya zauna daram. Na leƙa ta katanga na gan su suna dariya su biyu, tana gyara masa ɗaurin tana cewa, “Malam, ka iya goyo ashe.” A duk zamansu ban taɓa ganin su sun yi kyau haka ba.

Haka suka yi ta yi, gero na ƙaruwa, ƙafa na ƙara ƙarfi. Sai wata yamma Ɗangoggo ya faɗo gidan ba sallama, don taubashi ba ya neman izini. Ya tarar da Jimrau a kan dokin ƙofa, goye da buhu cikin zanen atamfa mai furanni, yana ɗagawa yana saukowa kamar mai rarrashin jariri. Bai yi dariya nan take ba. Wayar salula ya fara zarowa ya ɗauki bidiyo, ya ɗauka sosai, sannan ya fita waje ya rangaɗa guɗa.

“Jama’a, ku hito! Bawana ya sauka lahiya! Ga goyo!”

Kafin kasuwa ta kewayo, bidiyon ya kai Kornaka, ya kai Tagriss, masu kamyo sun sauka da shi kudu. Wani ɗan iska ya sa masa kiɗa. Sunan Jimrau ya ɓace, ya koma Maijego. Munira ta aiko da kunun kanwa a ƙoƙo, irin wanda ake dama wa mai haihuwa. Wata safiya Dela ta buɗe ƙofa ta tarar an jibge itace har gwiwa, wai na wankan jego. Dattawan da ke wucewa masallaci, masu furfura, suka tsaya suna yi masa barka suna tambayar ko nono ya zo.

Na tare Ɗangoggo a bakin kasuwa na ce, “Kai, ba ka jin tsoron Allah? Mutum shina neman ƙahwa tai, kai kana neman dariya?”

Ya ce, “Haba Inna, wasa na. In ni ban yi mai ba, wa za ya yi? Haƙƙina na.”

Dillalan da ke wurin suka ce gaskiya ya faɗa. Ɗaya ma ya ce in ba ni da taubashi in je in ara. Haushi ya sa ranar ban sayar wa kowa a cikinsu fura ba.

Daga nan ban sake ganin kan Jimrau bisa katanga ba. Na jira safiya, na jira yamma, ba komai. Dela ta faɗa mini ya kwance majanyin ya jefa mata, ya juye geron a tukunya, ya ce ko ba nauyi ba zai sake hawa dokin ƙofar nan ba. Lokacin komawa eko ya zo ya wuce. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta tuna masa maganar lokotoro. Ya buga ƙafar a ƙasa a gabanta ya ce, “Ina ciwon? Babu. Ni in sake zama bencin matan ga? Sai dai gawata.” Gaskiya ne ciwon ya tafi, yana tafiya ba ɗingishi. Abin da aka ce masa zai faru ke nan, kuma ya sani.

Duk da haka bai ɗauki igiya ba. Wani sashe na zuciyarsa yana nan tare da gilashin. Ranar kasuwa yakan zo ya zauna ƙarƙashin rumfa kusa da ni, igiyar naɗe a kafaɗa, yana kallon yadda ake aikinsa ba shi. Ɗangoggo ne ke jifa yanzu, kuma sai ya jefa sau uku kafin ya kama.

Ran da abin ya faru, rana ta take tsaka, kasuwa ta cika maƙil. Sai muka ji kalangu. Ɗangoggo ne a gaba da faranti cike da goro, maroƙi na biye da shi, ’yan kallo na biye da maroƙi. Suka tsaya a gaban Jimrau. Aka raba goro, aka ɗaga hannu kamar za a yi fatiha, maroƙi ya buɗe murya ya ce jaririn Maijego ya ci suna Gero, Allah ya raya, Allah ya sa mai jin ƙan uwarsa ne. Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Har Fulanin da suka zo daga daji, waɗanda ba su san kan zancen ba, aka nuna musu a salula suka shiga dariyar. Jimrau na zaune yana murmushi, amma na ga jijiyar wuyansa tana bugawa.

Ana cikin haka hayaniya ta tashi a wajen kamyo. Wani jan sa ne na Bororo, mai ƙaho kamar rassan bishiya, ya ƙi hawa, ya watsa masu kamu, ya tsaya yana tonon ƙasa. Mai san ya ɗaga murya ya ce ina Jimrau. Ɗangoggo ya tare da hannu biyu.

“A’a, ku bar maijego! Ba ta yi arba’in ba, ƙashinta ɗanye na!”

Jimrau ya miƙe. Na kama bakin rigarsa na ce, “Don Allah, Malam Jimrau, zamna.” Ya zare rigar daga hannuna ba tare da ya dube ni ba.

Ba zan ɓoye ba, jifan ya yi kyau. Sau ɗaya igiya ta tashi ta faɗa ƙafar baya kamar an sa mata ido. Ya naɗe ta a kwankwaso, ya kafe dunduniyar hagu cikin rairayi yadda ya saba tun yana saurayi. San ya fizga. Muka ji wata ƙara, kamar an kaɗa bulala. Jimrau ya waiwaya baya da sauri, fuska a murtuke, yana neman wanda ya buge shi da sanda a ƙafa. Ba kowa a bayansa. Sai ƙafar ta lanƙwashe, ya faɗi, san ya ja shi cikin kashin shanu har bakin shinge. Mutane suna ta dariya, don sun ɗauka cikin wasan ne. Sai da suka ga ya ɗaga ƙafar tana reto sannan kalangu ya yi shiru.

Aka kai shi gida a amalanken jaki. Dela ta ce asibiti, ya ce a’a. Ya san inda za a kai shi, kuma ya san bencin da zai bi ta gabansa, yanzu da kashin shanu a gemu. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Wani tsoho makiyayi, abokin ubansa, ya zo da ƙarfe ya sa a wuta ya yi masa lalas a bayan ƙafa, irin wanda ake wa sa mai ɗingishi. Warin ƙonar ya tsallako katanga har ɗakina. Bai yi ihu ba. Makonni suka shuɗe, ƙuna ta warke, ƙafa tana nan yadda take.

Sai da Dela ta ɗaure kayanta ta ce ko ya bi ta asibiti ko ta tafi gidansu, sannan ya yarda. Ya bi ta gaban bencin, wannan karon ba rawani, kuma ba wadda ta yi guna-guni. Harouna ya shafa man, ya ɗora na’urar. Fararen zaren sun taso daga dunduniya, sai suka ƙare. Baƙi ne wuluk a tsakani. Ya yi ta jan na’urar sama, sama, kafin ya sami ɗaya bakin, ya tattare can kusa da sha-raɓa.

Lokotoro ya ajiye na’urar ya ce, “Mi ya hana ka dawowa? Kaɗan ya rage. Wallahi kaɗan ya rage.”

Jimrau gilashin yake kallo.

An tura su Maradi, an yi masa aiki, an jawo abin da ya jawu an ɗinke. Likitocin can sun yi iyakar yinsu, amma sun ce da an zo da wuri da abin ya fi haka. Ya dawo yana tafiya, sai dai tafiyar ta wani ce. Ƙafar hagu a shimfiɗe take sauka, a shimfiɗe take tashi, ba ta iya tura shi gaba. Ko ɗan akuya ya fizge shi sai ya nemi abin dafawa. Yanzu tufkar igiya yake yi a gefen kasuwa, ta kaba, wadda ake ɗaure tumaki da ita.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce ƙaddara, na yi shiru. Amma Dakoro ba ta gama da shi ba.

Tun ranar jan san nan Jimrau bai sake yi wa Ɗangoggo magana ba. Bai zage shi ba, bai kai ƙararsa ko’ina ba. In ya shigo dubiya, sai ya juya fuska ga bango. In sun haɗu a hanya, sai ya dubi ƙasa. Wannan shi ne abin da ya tayar da hankalin dangi. Ƙafar ba ta hana kowa barci ba, amma gaba da taubashi, wannan abin kunya ne da ba a taɓa ji ba a zuriyarsu. Goggo Umma, uwar Ɗangoggo, tsohuwa mai sanda biyu, ta zo har gida ta zauna a tsakar gida tana kuka, tana cewa ɗan wanta ya wulaƙanta nonon da suka sha ita da ubansa. Dattawa suka yi ta safa da marwa. Suka ce sa ne ya tsinke agara, ba baki ba. Suka ce wa ya ce ya tashi? Suka ce azumi na tafe, kuma mai gaba azuminsa a rataye yake. Dela ta buɗe baki za ta yi magana, aka ce wannan zancen dangi ne, ita bare ce.

Suka yanke cewa Jimrau ne ya ɓata, shi zai je ya ba da haƙuri, kuma ba a zuwa hannu sake.

Na bi su, don na ce sai na ga ƙarshen rashin imani. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Goggo Umma, dangi sun cika, maƙwabta na tsaitsaye. Jimrau ya taho daga bakin layi yana jan ƙafa, kowa na kallon tafiyar. A kafaɗarsa igiyar fatar ce, ta sha man shanu tana sheƙi, Dela ta faɗa mini cikin dare ya shafa mata. Durƙuso ya gagare shi, sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu ya zube. Ya ajiye igiyar a gaban Ɗangoggo.

“Na yi kuskure,” in ji shi. “Ka yahe min.”

Ɗangoggo ya ɗauki igiyar ya jujjuya ta, ya gwada ƙarfinta a gwiwa. Na ga idonsa ya yi ja, na ce yau dai zai yi magana irin ta mutane. Ya dubi taron, taron na jiransa, kowa ya riga ya gyara baki. Sai ya dafa kan Jimrau.

“Na yahe maki, Maijego. Ina kinka baro Gero?”

Dariya ta ɓarke, har Goggo Umma tana share hawaye da bakin zane. Dattawa suka juyo suna duban Jimrau, don sulhu bai cika ba sai shi ma ya yi. Ya ɗaga kai ya buɗe baki ya yi dariyar, da sauti, yadda kowa zai ji. Aka shafa fatiha, aka ce alhamdu lillahi, zumunci ya gyaru.

Washegari da safe ina dama fura na ji motsi a bayan katanga. Na matsa na leƙa. Jimrau ne a kan dokin ƙofa, ya kama gefen ƙofar da hannu biyu, ya ɗage ƙafar dama, ya tsaya a kan ta hagu. Jijiyoyin hannunsa sun tashi, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta yunƙuri. Dela na zaune a bakin murhu ta juya baya, ta ƙi kallo. Na koma wurin furata na zauna ina duban kan katanga, awakina ma suna duba. Kan bai fito ba.